SEM na kan tebur: waɗanda suka yi aiki da shi su ba mu labari

Ɗaliba, Yelwa: Assalamu alaikum. Malamina ya ce in kai farar ƙasar Alkaleri a duba ta da ƙaramin SEM, wato na'urar ƙara girman ƙananan abubuwa mai aiki da ilektiron, wanda ake ɗorawa kan tebur. Don Allah waɗanda suka riga ni, me kuka tarar?

Mai kula da ɗakin gwaji, Bauchi: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sarrafa injin ba wuya, shirya samfur ne aikin. Ki busar da ƙasar sosai, domin zuƙe iskar ciki ake yi kafin ya fara aiki, danshi kuwa ɓata lamarin yake. Ki barbaɗa 'yar kaɗan a kan tef ɗin kabon, a hure wadda ba ta kama ba. Farar ƙasa ba ta wuce da lantarki, saboda haka in ba a fesa mata siririn zinare ba, caji zai taru, hoton ya yi fari fat. In an shirya da kyau za ki ga faya-fayan kawolin, wato ma'adinin farar ƙasar, masu kusurwa shida, jere kamar shafukan littafi. Ɗalibai kan zo mana da leda cike, alhali ko kan cokali ya yi yawa.

Injiniya, Bajoga: Ni kankare na kai, wanda muka gauraya siminti da tokar ɓuntun shinkafa. A ƙarfin lantarki 15 kV muka yi EDS, wato gwajin gano sinadaran da ke cikin samfur, silikon da oksijin suka fito sarai. Amma Hajiya, kada hoto ya ruɗe ki. EDS sinadari kawai yake faɗa, bai gaya mini ko silikar da ke cikin tokar ta zama kiristal saboda zafin ƙonawa ba, wanda shi ne tambayata tun farko. Sai da na nemi XRD, gwajin X-ray mai nuna tsarin kiristal.

Malamin kimiyya, Gombe: Mu tamu matsalar wuta ce. An ɗauke ana tsakiyar aiki, muka koma farko, tun daga nan ba ma kunna shi sai da inbata. Ga ƙurar hunturu, samfur a buɗe ko na ɗan lokaci ne sai ka ga ƙwayoyin da ba na samfurin ba a hoto.

Mai kula da ɗakin gwaji, Bauchi: Gaskiya ne, Malam. Ƙanwata, ki ce a fara miki da 5 kV don ganin saman ƙwayoyin, kuma a ɗauka a wurare da yawa, ba inda ya fi kyau kaɗai ba.

Ɗaliba, Yelwa: Na gode, Allah ya saka. Fesa zinaren kafin EDS ake yi ko bayansa?

Injiniya, Bajoga: Ki raba samfurin biyu. Zinaren yana fitowa a sakamakon EDS, na wannan gwajin kabon ake fesa masa.