Neman shawara: darasin kwararar ruwan Mashigin Gini ya cakuɗe mini

Malama, Tudun Wada, Gombe: Assalamu alaikum. Turanci na karanta, amma mai koyar da labarin ƙasa ya tafi ƙaro karatu, aka ɗora mini 'yan SS2, ga masu duba makarantu na zuwa ranar Talata. Na zana taswirar Mashigin Gini, kibiyoyin ruwan duk sun nufi yamma, wani yaro ya ce ba haka ba ne. Sannan na gwada nuna musu yadda ruwan sanyi ke nutsewa, komai ya gauraye. Ina mafita?

Tsohon malami, Bauchi: Malama, yaron ya yi gaskiya. Kwararar Gini ruwan ɗumi ce, gabas take yi, tana bin gaɓar Laberiya da Gana har Najeriya. Kwararar Bengela ce mai sanyi, daga Namibiya take hawowa arewa, sannan ta karkata yamma. Ki yi wa Gini jar kibiya, Bengela shuɗiya. Zurfi kuma mataki-mataki ne: daga gaɓa ƙasa na gangarawa a hankali zuwa kusan mita 200, daga nan ta zarce, can tsakiya ya haura mita 4,000. Rijiyoyin man Bonga na Najeriya ma suna ƙarƙashin ruwan da ya kai mita 1,000. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa a gaɓar Gana da Kwaddebuwa, shi ya sa kifi ke yawa a lokacin.

Malamin kimiyya, Kumo: Zubawa da sauri ce ta ɓata gwajin. Ki sami roba mai nuna ciki, ki cika da ruwan ɗumi, ki bar shi ya natsu minti 5. Ki daskarar da zoɓo marar sukari, ki sa ƙanƙarar a cikin ruwan ta gefe guda, za ki ga jan yana sauka yana bin ƙasa. In gwajin ruwan gishiri ne kuwa, ki narkar da giram 35 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, ki tsiyaya ta bayan cokali.

Tsohon malami: Ɓata lokaci ne, taswira ake tambaya a WAEC. Mu da ko littafin taswira ba a saya wa makarantu, ina wutar yin ƙanƙara?

Malama: Baba, ni ma ba da ka na zana ba. Littafin da aka ba ni ya nuna ruwa na yin yamma a daidai wurin.

Tsohon malami: Wannan wata kwarara ce ta kudu da ta Gini, wajen ikwaita. Biyu ne, ki sake dubawa.

Wani daga Dadin Kowa: Ki fara musu da Gongola: ta faɗa Binuwai a Numan, Binuwai ta haɗu da Neja a Lakwaja, sai teku.

Malama: Darasin minti 40 ne, gwajin kuma na riga na rubuta shi a tsarin darasi, shugaba ya sa hannu. Zoɓon zai yi ko da ruwan bai daskare sosai ba?