Maƙalar kurungu: wane sunan kimiyya zan sa?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son buɗe maƙalar kurungu a Wikipedia ta Hausa, amma na ga sunayen kimiyya barkatai. Wanne ne daidai?

'Yar Yauri: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kurungu ba kifi ɗaya ba ne. Masunta na kiran 'yan dangin Synodontis da wannan suna, kuma nau'o'insu sun haura 100. Ka rubuta maƙalar a kan dangin gaba ɗaya, ka haɗa ta da shafin Synodontis a Wikidata, wato rumbun bayanan da ke haɗa maƙalolin Wikipedia na harsuna daban-daban. In ka maƙala ta da Synodontis schall kaɗai, hoto da bayani za su saɓa wa kurungun da wani ya sani a garinsu. In za ka rubuta sunan kimiyya, fara kalmar farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami, duka da karkatattun haruffa (italic).

Malamin Kifi: Malama ta yi gaskiya. Sai ka kula da tsawon kifi a FishBase, shafin intanet na bayanan kifaye, nan ake yawan tafka kuskure. Awo iri biyu ne: TL daga baki ne har ƙarshen wutsiya, SL kuwa yana tsayawa a gindin wutsiya. Ka faɗi wanda ka ɗauko. Matsayin IUCN ma, wato matakin haɗarin ƙarewa da ƙungiyar kare halittu ta duniya ke ba kowane nau'i, ka haɗa shi da shekarar tantancewa, don yana canzawa.

Ɗan Baga: Kada ka kwaso hoto daga Facebook, goge shi za a yi a Commons, ma'ajiyar hotunan Wikipedia. Je bakin kasuwa da safe, ka nemi izinin mai kifi, ka ɗauka ta gefe yadda ƙayar baya da gashin baki za su fito.