Bututun "inci ɗaya" ya ba ni milimita 32 a tef, ina gaskiyar awon?

Mai gini, Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin famfo. Zan ɗora tanki mai lita 2,000 a kan ƙarfe, injin ruwa ya riƙa tura masa daga rijiya. Bututun PPR, wato na robar nan ta aikin famfo, da aka ce mini inci ɗaya ne na auna shi da tef, ya ba ni milimita 32, alhali inci ɗaya milimita 25.4 ne. Haɗin ƙarfen da ke bakin injin kuma bai yi daidai da shi ba. Cuta ce ko haka abin yake? Sannan ƙafa nawa ya kamata tsayin ƙarfen tankin ya kai don ruwa ya zo da ƙarfi a banɗaki? Kuma sifana 13 tana zamewa a kan notin injin, 12 ba ta shiga.

Mai aikin famfo, Arkilla:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ba a cuce ka ba. Incin da ake kira a bututu suna ne kawai da aka gada daga tsohon bututun ƙarfe, ba awon da tef zai nuna maka ba ne. Bututun ƙarfe na rabin inci bayansa milimita 21.3 ne, na inci ɗaya kuwa wajen 33.7. Shi PPR da milimita ake yin sa, kuma da bayansa ake kiransa: 20, 25, 32, 40. Masu shago ne suka jera su da tsohon suna, 20 ya zama rabin inci, 25 uku bisa huɗu, 32 inci ɗaya. Idan za ka saya, faɗi milimitar, ka karanta rubutun da ke jikin bututun da idonka.

Abin da ya fi cancanta ka damu da shi cikin bututun ne. PPR jikinsa kauri gare shi. Na 32 mai lamba PN20 (lambar ƙarfin turin ruwan da yake jurewa) kaurinsa milimita 5.4 ne kowane gefe, saura wajen 21 ke nan hanyar ruwa. Na 20 kuwa cikinsa 13 ne da ɗan kai. Shi ya sa za ka ga gida an ja layi tun daga tanki da 20, a buɗe famfon kicin, na banɗaki ya koma ɗigo. Saukowa daga tanki sa 32, in gidan da faɗi ko banɗaki ya wuce uku sa 40, ka rarraba da 25, sai gab da kan famfo ka sauka 20.

Ba a cusa PPR a bakin inji kai tsaye. Akwai haɗi na musamman, gefe guda roba, ɗaya gefen tagulla mai zare, a jikinsa an rubuta 32 x 1". Shi za ka nema. Naɗa farin tef na zare ta inda notin ke juyawa in ana ɗaurewa, zagaye goma zuwa sha biyar, ka ɗaure da hannu, sannan ka ƙara da sifana zagaye ɗaya ko biyu. Wanda ya matse da duk ƙarfinsa, tagullar kan juya cikin robar, yoyo ya biyo baya. Ka sa yuniyon, haɗin da ake kwancewa da noti, kusa da injin don ranar gyara a kwance shi ba sai an yanka bututu ba.

Wajen ƙona haɗi, injin ƙonawar ya kai digiri 260. Na 20 daƙiƙa 5, na 25 daƙiƙa 7, na 32 daƙiƙa 8. A tura a miƙe, kada a murɗa. In yaro ya bar shi ya daɗe a wuta, robar tana narkewa ta taru a ciki ta toshe rabin hanya, daga waje kuma haɗin ya yi kyau tsaf, ba mai ganewa sai ruwa ya ƙi zuwa.

Mai walda, Runjin Sambo:

Yallaɓai, kan maganar ƙarfe, fara da nauyi kafin tsayi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankinka cike tan biyu ke nan, kowace ƙafa daga cikin huɗun tana ɗauke da kilo 500. Ƙafafun su zauna cikin kankare, a gicciya ƙarfe a kowane gefe daga sama har ƙasa, don ƙarfe mai tsayi lanƙwasa yake yi ta gefe. Inda tankin zai zauna ya zama shimfiɗe gaba ɗaya, da faranti ko katako a jere. In ka ɗora tankin roba kan sanduna uku da tazara a tsakani, gindinsa zai lotsa, wata rana ya tsage.

Ƙarfin ruwa kuwa, kowane mita 10 na tsayi yana ba da kusan "bar" ɗaya (ma'aunin ƙarfin turin ruwa), kuma ana aunawa ne daga saman ruwan tanki zuwa kan shawa, ba daga ƙasa ba. Ƙarfe mai ƙafa 20 mita 6 ne da ɗan kai, tunda ƙafa ɗaya santimita 30.48 ce. Kan shawa yana wajen mita 2, saura mita 4 ko da ruwan ya kusa ƙarewa. Wannan ya ishi gidan ƙasa. Ƙafa 10 ba za ta gamsar da kai ba. Ka rubuta wa mai waldar awon a takarda, ka ambaci ƙafa ce ko mita, kada ka ce masa "shida" kawai.

Kar a manta da iskar farkon damina. Tankin da ba ruwa ciki ba shi da nauyi, a kewaye shi da ƙarfe ko a ɗaure shi.

Bakanike, Gawon Nama:

Notin nan naka na inci ne, Alhaji. Rabin inci milimita 12.7 ne, 12 ta yi masa kaɗan, 13 ta bar sarari. In ka ci gaba da tilasta 13 mai buɗaɗɗen baki, kusurwowin za su cinye, daga nan sai zarto. Nemi sifanar 1/2 mai zobe. Wasu suna hawa juna lafiya: 5/16 da 8, 7/16 da 11, 3/4 da 19. Amma 9/16 milimita 14.3 ce, 14 ba ta shiga, 15 tana zamewa. Sifana mai daidaitawa tana fid da kai in ka matse bakinta sosai kafin ka ja. Filaya dai kar ta taɓa noti.

Tunda notin na inci ne, duba zaren bakin injin ma. Kayan famfon da ke kasuwarmu galibi zaren Ingila ne, inci ɗaya zare 11. Na Amurka 11 da rabi ne. Zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, ka ɗauka ya ɗauru, ana kunna inji ya fara tsiyaya. In haka ne sai an sami haɗin da ke canza zaren.

Mai aikin famfo, Arkilla:

Malam mai walda ya faɗi gaskiya, sai dai ban yarda tsayi kaɗai ke ba da ruwa ba. Ƙafa 20 da siririn bututu mai gwiwa goma ba za ta kai ƙafa 15 da bututu mai faɗi a miƙe ba. A haɗa biyun.

Alhaji, tabbatar ma tankin ya kai lita 2,000, musamman in da galan aka faɗa maka. Galan 500 na Ingila lita 2,273 ne, na Amurka 1,893. Auna faɗin tankin ka raba biyu, ka ninka rabin da kansa, ka ninka da 3.14, ka ninka da tsayin ruwa, duk a mita, sannan ka ninka da 1,000 ka sami lita. Faɗi mita 1.3, tsayi 1.5, zai ba ka wajen lita 1,990, kusan jarka 80 mai lita 25.

Zurfin rijiyar fa? Injin da ake ajiyewa a sama ba ya tsotso ruwan da ya wuce mita 7 zuwa 8, ko doki nawa ne shi. In a watan Afrilu ruwan yana sauka ƙasa da haka, sumo kake buƙata, wato injin da ake zurawa cikin ruwan rijiya. Bututun da ke hawa tanki kuma a naɗe shi ko a shafa masa farin fenti, ranar Sakkwato tana busar da roba har ta riƙa fashewa.

Mai gini, Mabera:

Allah ya saka da alheri. Na auna, daga baki zuwa ruwa mita 11 ne yanzu. Sumo mai doki nawa zai kai ruwa kan ƙafa 20, kuma wace waya zan ja masa?