Wanda ya bar sujada saboda fasto, dama Allah yake bi?

Malamin Lahadi: Salama gare ku. Sati uku ke nan da aka karanta takardar dakatar da Baba Fasto kan kuɗin ginin majami'a, kuma tun ranar benci huɗu na baya wayam suke. Zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji. Duk wanda ya daina zuwa sujada don fasto ya fāɗi, dama can fasto yake bi, ba Allah ba. Irmiya 17:5 bai ɓoye ba, la'ananne ya kira mai dogara ga mutum.

Ɗan Auta: Malam, da ni kuke, na sani. Mutumin nan shi ya yi mini baftisma a rafin bayan gari ina shekara 16. Daren da babanmu ya rasu, a kan benci ya kwana tare da mu a asibiti. Da aka ce gini, da hannuna na buga bulo, mamarmu kuma ta sayar da buhun masara biyu ta kai. Yau ginin yana tsaye a linta, ciyawa ta fito a ciki har gwiwa. In na zauna a sujada, mumbari kawai nake kallo, cikina yana juyawa. Abin da ma ke hana ni barci shi ne, baftismar da hannun nan ya yi mini tana nan, ko sai an sake?

Maman Zumunta: Ɗana, sannu. Amma ku yara ku iya bakinku. An ce kada a taɓa shafaffen Ubangiji. Ko me ya yi, tsakaninsa da Allahnsa ne.

Ɗalibin Tauhidi: Mama, ku gafarce ni, ayar nan an daɗe ana jan ta inda ba ta je ba. Zabura 105 labarin Ibrahim da Ishaku da Yakubu take bayarwa, suna yawo a ƙasar baƙi, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ba ta hana a tambayi fasto lissafi ba. Dawuda shafaffe ne, amma Natan ya dube shi ido da ido ya ce kai ne mutumin. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. 1 Timoti 5:19-20 ma ta ba da tsari: kada a karɓi ƙarar dattijo sai da shaidu biyu ko uku, in ya tabbata kuma a tsauta masa a gaban kowa.

Maman Zumunta: To ai an tsauta masa. Sai kuma me? A cinye shi ɗanye?

Ɗalibin Tauhidi: A'a Mama. Ɗan Auta, kan baftismarka, ba kai ka fara wannan tambaya ba. A shekarar 303 Sarkin Roma Diyokilishiyan ya ba da umarni a ƙwace Littattafai masu tsarki a ƙone. Waɗansu shugabannin ikilisiya a Afirka ta Arewa suka ji tsoro suka miƙa. Da tsanani ya wuce, mabiyan wani bishop mai suna Donatus suka ce baftismar irin waɗannan banza ce, sai an sake. Rigimar ta raba ikilisiya kusan shekara ɗari, har aka yi babban zama a Kartaj a 411. Bishop Agustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya tsaya a kan cewa ko Bitrus ne ya yi baftisma, ko Yahuza, Almasihu ne mai yi. Da sunan wa aka nitsar da kai a rafin nan? Ba da sunan Baba Fasto ba.

Malamin Lahadi: Yawwa. Abin da nake faɗa ke nan. A Koranti ma haka suka yi, wannan na Bulus, wancan na Afolos, har Bulus ya tambaye su ko shi aka gicciye dominsu.

Baba Dattijo: Malam, dakata, kada ka yi saurin cewa yawwa. Ayarka daidai ce, amma ka harba ta ga wanda bai kamata ba. Wa ya koya wa yaran nan dogara ga mutum? Mu ne. Kalandar bara tana nan rataye a ɗakina, hoton fasto ya cika rabin takarda, gicciye kuwa ɗan mitsitsi a kusurwa. Mu muka bari ana addu'a ana cewa Allah na Baba Fasto. Yaro ya yi zazzaɓi, uwarsa ba za ta durƙusa ba sai ta kira lambarsa. Ni da kaina, ina jin kunyar faɗa, na sa hannu a cek uku babu adadi a kai, don ya ce yana sauri zai tafi sayen kwano. Ma'aji ya yi gunaguni, na ce masa ka bar bawan Allah. Yanzu da abin ya fashe sai mu juya mu ce wa yaro mai shekara ashirin da 'yan kai bangaskiyarsa ce ba ta da saiwa? Mu muka dasa shi a tukunya.

Malamin Lahadi: Baba, na ji. Amma a ranar shari'a ba wanda zai ce fasto ne ya sa ni.

Baba Dattijo: Haka ne. Akwai kuma maganar dutsen niƙa a wuya ga wanda ya sa ƙanana tuntuɓe, Matiyu 18:6. Wannan ita ke ba ni tsoro, don ban san rabona a ciki ba.

'Yar Mawaƙa: Ni dai ganina kowa ya kama Littafinsa ya zauna a gida. Ku dubi Shakahola a Kenya a 2023, gawa fiye da 400 aka tono a daji, mutane sun ƙi ci har mutuwa don wani fasto mai suna Paul Mackenzie ya ce ta haka za su sadu da Yesu. Ƙarshen bin mutum ke nan.

Maman Zumunta: Haba 'yata, ina kuɗin kwano ina kashe rai? Kuma in kowa ya zauna a gida, ran da kika haihu wa zai zo miki da ruwan zafi, waya? Ibraniyawa 13:17 ta ce a yi biyayya ga shugabanni, ko ita ma an goge ta?

Ɗalibin Tauhidi: Ba a goge ta ba Mama, amma ku ƙarasa ayar, ta ce za su ba da lissafi. Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. Ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, don kada a sami abin zargi, 2 Korantiyawa 8. In manzo ya yarda a raka shi, wane ne fastonmu da za a ce ƙirga baiko a gabansa rashin ladabi ne?

Ɗan Auta: Maganar baftisma ta kwanta mini, na gode Yaya. Amma Malam, har yanzu ban yarda cewa ban taɓa bin Allah ba. Kullum da asuba ina addu'a, ƙofar ce kawai ta yi mini nauyi.

Malamin Lahadi: To, na janye "duk wanda". Sauran maganar ina nan a kanta.

Baba Dattijo: Ranar Lahadi bayan sujada za a karanta rahoton kuɗin ginin, shiga da fita, har da cek ukun nan, kuma ni zan karanta da bakina. Ɗan Auta, in ka zo ka zauna kusa da ni.

Ɗan Auta: Zan zo Baba, amma a bencin baya zan zauna. Kuma mamarmu ta ce a tambaya mata, buhunta biyu suna cikin takardar?