Wane magani ake shafa wa gyambon yatsa na mai ciwon sikilerodama?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da sikilerodama, ciwon da garkuwar jiki ke taurara fata tana kuma matse ƙananan jijiyoyin jini. Wata uku ke nan da gyambo ya fito mata a kan yatsa ya ƙi warkewa, kuma da dare zafinsa yana hana ta barci. Akwai man shafawar da ke warkar da irin wannan miki?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumussalam, 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Gyambon da ke fitowa a kan yatsa yawanci rashin isar jini ne ke kawo shi, don haka shafawa ita kaɗai ba kasafai take rufe shi ba. Abin da ya fi taimakawa daga waje shi ne a wanke mikin da ruwan gishirin asibiti, a rufe shi da bandejin haidirokoloyid wanda ke riƙe danshi, domin mikin da ya bushe ya yi ɓawo ya fi jinkirin warkewa. Idan za a cire mataccen nama, ana fara shafa lidokain saboda zafi. Amma in kika ga mugunya, ko wari, ko jan ya fara yaɗuwa, kada a rufe shi da irin wannan bandeji. A kai ta wurin likita, saboda ƙwayoyin cuta suna iya kaiwa ƙashi.

Mai haɗa magunguna: Zan ƙara da gargaɗi game da man naitirogilisarin, wanda wasu ke shafawa a gindin yatsa domin jijiyoyi su buɗe. Yana shiga jini ta fata, yakan jawo ciwon kai da jiri, kuma haɗa shi da sildenafil, maganin buɗe jijiyoyin jini wanda ake yawan bai wa masu wannan ciwo, yana iya saukar da matsin jini ƙwarai. A tambayi likitanta ko lokacin ƙarin ruwan iloprost, wani maganin buɗe jijiyoyin jini, ya yi. Maganin sha na bosentan kuwa yana rage fitowar sabbin gyambo, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya fito.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Sildenafil ɗin tana shan sa, kuma jiya ma har na kusa sayo mata wannan man.