Musayar Waƙa: Talaka Tsakanin Caji Ofis da Kurkuku

Lauyan Talaka

Assalamu alaikum. Ga buɗe fage, amsa-amonmu "ya".

Da sunan Allah nake farawa,
Wanda ya haramta zalunci da danniya.

Doka guda ce in ka duba takarda,
A caji ofis ake ganin wariya.

Mai hali in an kama shi da hantsi,
Kafin la'asar ya koma gida lafiya.

Talaka sai ya share mako a bayan kanta,
Don ba shi da mai kira masa lauya.

Tsarin mulkin 1999 ya yi magana,
Sashe na 35, ku ajiye shi a zuciya:

In akwai kotu cikin kilomita 40,
Kwana guda a gurfanar da shi, ba jayayya.

In babu, kwana biyu ne, ƙari a kai
Sai kotu ta ga dalili na gaskiya.

Cikin awa 24 a ba shi dalilin kamu a rubuce,
Da harshen da yake ji, wanda ya iya.

Yana da damar ya yi shiru abinsa,
Har sai ya gana da lauya.

Tsohon Magatakarda

Ɗana Lauya, ka zo da batu,
Sai dai ramin yana cikin kotu,
Can ake rufe mai rai kamar ya mutu,
Da kalma guda, ita ce "ajiya".

A rubuta masa fashi ko kisan kai,
Gaban majistare kuma za a kai,
Ba shi da hurumi, an san haka sarai,
Sai ya ce kurkuku, a dawo daga baya.

Fayil ya nufi Ma'aikatar Shari'a,
Don a ba da shawara ko akwai hujja,
Kuɗin kwafi babu, ya kwanta a durowa,
Mai binciken an canja masa gari tun jiya.

Shi ya sa in ka ƙirga mazauna gidan yari,
Kusan biyu cikin uku, ban yi ƙari,
Ba a yanke musu hukunci ba tun fari,
Jira suke, wasu har furfura ta fito a ƙeya.

Dokar shari'ar laifuka, ACJA ta 2015, ta sa iyaka,
Kwana 14, a ƙara 14, bayan haka
Kotu ta tambayi mai ƙara: ina hujjarka?
In ya rasa, a saki bawan Allah ya kama hanya.

'Yar Zazzau

Baba Magatakarda, a gafarce ni,
Kun ɗauko zancen daga tsakiya.

Wa ake fara tsayarwa a shinge?
Can ne saiwar wariya.

Saurayi mai tara gashi da kwamfuta a jaka,
Bafulatani da sandarsa, almajiri maraya,

Ɗan acaba, ɗan ci-rani a Legas,
Kamanninsu ne laifinsu tun kafin tambaya.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana:
Sutura da aski da shekaru ba su zama hujja ko ɗaya.

Matasa shida na Apo, Yunin 2005,
An harbe su a Abuja, aka laƙa musu fashi na ƙarya.

Sai 2017 aka yanke wa 'yan sanda biyu hukunci,
Shekara 12 iyayensu na haɗiyar zuciya.

An rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ran 11 ga Oktoban 2020,
Suna ya tafi, halin bai bar hanya.

Mu mata kuwa namu kashi biyu ne,
In ɗa ya gudu, uwa ake sa wa ankwa a bainar jama'a, ba kunya,

Alhali sashe na 7 na ACJA ya ce
Ba a kama wani a madadin wani, ko uwa ce ko yaya.

A ce mace ba ta tsaya wa mutum beli,
Sashe na 167 ya ce za ta tsaya.

Matan da aka kwashe a titin Abuja da dare,
Aka kira su karuwai ba shaida ko ɗaya,

Kotun ECOWAS a 2017 ta bi musu kadi,
Naira miliyan 6 ga kowace cikin uku, ta ce gwamnati ta biya.

Baba Sajan

'Yata, ban musa miki ko baiti ba,
Sai dai ku leƙa ciki ku ga inda ta ruɓa,
Ofis ba mai a mota, takarda sai an roƙa an duba,
Mai ƙara ke sayen fetur, shi ke biya.

Wanda ya sayi mai, shi bincike ke bi,
Wanda ake ƙara ba shi da ko sisin kwabo yau ko jibi,
Ba ɗakin gwaji, ba zanen yatsa, ba mai bin sawu ya bi,
Sai a nemi "na amsa laifina" da igiya.

Wannan haramun ne, ban yi masa ado ba,
Dokar hana azabtarwa ta 2017 ku duba,
Ɗauri har shekara 25, ba ta sassauta ba,
Umarnin oga ba ya zama kariya.

Bayani a ɗauke shi gaban lauya ko wanda ya zaɓa,
Wanda bai iya karatu ba kada ya dangwala bai ji fassara ba,
An rubuta "beli kyauta ne" a bango, ba a goge ba,
Wanda ya karɓi kuɗi, ku riƙe lambarsa ta kafaɗa da sunansa duka biyu, ku kai gaba ɗaya.

Lauyan Talaka

Baba Sajan, Allah ya saka da alheri,
Ga gyara kaɗan kafin mu yi nisa da tafiya:

ACJA ta Abuja ce da kotunan tarayya,
Jihohi na da tasu, ba lallai kwanakin su zo ɗaya.

Kaduna ta yi tata a 2017, Kano a 2019,
A buɗe ta jiharku kafin a fara jayayya.

In an kama naka, fara da biro:
Rana, awa, sunan ofis, da mai binciken gaba ɗaya.

Je Hukumar Agajin Shari'a, lauyanta kyauta ne,
Tun 1976 take a Nijeriya.

Kai koke Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam,
A rubuce, a buga maka hatimin karɓa, ka yi ajiya.

Sashe na 34 na ACJA ya ɗora wa majistare
Ziyarar caji ofis duk wata, ya ga na tsare ɗaya-ɗaya.

Ku kai masa sunan kafin ranar,
Don akan ɓoye wasu a ɗakin baya.

In duk an ƙi, sai Babbar Kotu,
Ƙarar tauye haƙƙi, a nemi saki da diyya.

Tsarin mulki ya haɗa da neman afuwa a fili,
Lauya ya roƙe su tare, kada ya bar ɗaya.

Tsohon Magatakarda

Saura abu guda, ɗana, ka manta,
Lambar ƙara, a nema a rubuta,
Da ranar dawowa da ke kan takardar tsarewa, a karanta,
In ranar ta zo ba motar kai shi, dangi su je kotun su tsaya,

Su sa lauya ya miƙe ya kira lambar,
Ya ce kwana 14 sun cika tun ranar,
Alƙali ya rubuta a littafi a zaman nan, kada a bar
Fayil ya koma durowa ba sabuwar rana, ba tambaya.