Abin da aka tattara kan ɗan littafin aljihu na masu duba ido

Jama'a ga abin da na tsinto daga doguwar hirar da aka yi kan abin da za a sa a littafin da kuma yadda za a fitar da shi:

1. Kusan kowa ya yarda shafin farko ya zama na gaggawa. Sinadari ya shiga ido, a hau wanki da ruwa nan take aƙalla minti 30, tambayoyi daga baya.
2. Matsin ido na lafiya 10 zuwa 21 mmHg (ma'aunin matsi) ne.
3. Jan ido kar a ɗiga sitiroyid (maganin rage kumburi) sai an sa fuloresin (rinin da ke nuna rauni a ido) an duba, wallahi wannan ya fi damuna don gyambon ido haka yake lalacewa muna kallo.
4. Fari a tsakiyar idon yaro, a tura babban asibiti ranar.

Inda aka rabu, ɗalibai sun fi son manhajar waya, manyanmu kuma sun ce takarda, ita ba ruwanta da caji in an ɗauke wuta.